Miyeloma ce ko ƙullutun faratiroyid? Amsa ga mai tambaya daga Garwa

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah a Garwa game da mahaifiyarsa mai shekara 57, wadda ta yi watanni tana fama da ciwon baya da na ƙugu, ga kasala, ga yawan ƙishirwa da fitsari. An ɗauki hoton ƙashi, an ga wasu wurare sun rarake a ƙashin ƙugu da haƙarƙari, an kuma auna kalsiyam na jininta an sami 121 mg/L, wato ya haura mizanin lafiya. Likitan farko ya ce yana zargin miyeloma, wato sankarar ɓargo wadda takardun asibitocinmu kan rubuta da sunan cutar Kahler, ya ce a fara tanadin kuɗin maganin sankara. Wani likitan da ya ji cewa ta taɓa fitar da tsakuwar ƙoda shekarun baya, sai ya ce a fara bincikar faratiroyid, wato wasu 'yan ƙullutai a wuya masu kula da kalsiyam na jini. Mai tambaya yana so ya san yadda ake rarrabe cututtukan biyu, da kuma ko zuwa Yawunde neman ra'ayin wani likita cin fuska ne ga na farko.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi. Babu ɗaya daga cikin likitocin nan biyu da ya yi magana ba bisa hanya ba, domin ciwon ƙashi da rarakewarsa da hawan kalsiyam duka suna cikin alamomin cututtukan biyu. Sai dai abin da ke hannunka yanzu, wato hoto ɗaya da awon kalsiyam ɗaya, bai isa a ɗora wa mutum maganin sankara a kansa ba, bai kuma isa a kai shi ɗakin tiyata ba. Awo biyu ne suke raba gardama: sinadarin da za ka ga an rubuta PTH a takarda, da awon rarrabe furotin na jini da ake kira elektroforez. Idan ka tambayi inda zuciyata ta karkata, tsohuwar tsakuwar ƙodar nan ta sa na fi zargin faratiroyid, saboda tsakuwa tana nuna cewa kalsiyam ya daɗe yana hawa, miyeloma kuwa ba kasafai take barin mutum shekaru da kalsiyam a sama ba tare da ta kwantar da shi ba. Amma zato ne wannan, kuma ban ga Hajiya ba.

Faratiroyid wasu 'yan ƙullutai ne guda huɗu a wuya, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, suna manne a bayan ƙullutun da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsu shi ne tsaron kalsiyam na jini: idan ya sauka sai su saki PTH, shi kuma ya janyo kalsiyam daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi, ya taimaka wa hanji ya ƙara tsotso shi daga abinci; idan ya hau sai su yi shiru. A wajen kimanin mutum 80 zuwa 85 cikin 100 na masu cutar faratiroyid, ƙullutu ɗaya ne ya girma ya daina jin umarni, yana ta zuba PTH ko da kalsiyam ya yi yawa, kuma kusan kullum wannan girman ba sankara ba ne. Cutar ta fi kama mata, musamman bayan yankewar haila. Miyeloma kuwa sankara ce ta wasu ƙwayoyin ɓargo da aikinsu shi ne haɗa furotin na garkuwar jiki. Ƙwaya ɗaya ce take lalacewa ta yi ta hayayyafa, 'ya'yanta su cika ɓargo su danne masu yin jini, su zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi, su kuma yi ta zuba furotin iri ɗaya tak wanda ke toshe ƙoda. A nan faratiroyid lafiyarsu lau, saboda haka da sun ga kalsiyam ya hau sai su rufe baki, PTH ya faɗi ƙasa warwas.

Wannan bambancin shi ne ya sa awon PTH yake da ƙarfi haka. Yawancin ɗakunan awo suna sa mizaninsa tsakanin 15 da 65 pg/mL. Idan kalsiyam yana sama, PTH ma yana sama, to laifin na faratiroyid ne. Idan kalsiyam yana sama, PTH ya sauka ƙasa da 20, to a bar wuya a nemi dalili a wani waje, kuma miyeloma tana sahun gaba. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakiya: sakamako ya fito 55, a ga yana cikin mizani, a ce lafiya lau. Ba lafiya ba ce. Mutumin da kalsiyam ɗinsa yake 121 mg/L bai kamata a sami PTH ɗinsa a 55 ba, ya kamata a ce ya faɗi, kuma ƙin faɗuwar tasa ita kanta shaida ce a kan faratiroyid. Shi ya sa dole a ɗebi jinin kalsiyam da na PTH a zama ɗaya, a karanta su tare. PTH na wannan watan da kalsiyam na watan jiya ba su gina hujja.

Ka sa ido a kan yadda ake ɗibar jinin, domin a zafin Garwa sakamako yakan lalace tun kafin ya isa na'ura. PTH ya fi daɗewa bai lalace ba a kwalba mai murfi shunayya, amma ba a auna kalsiyam daga wannan kwalbar, saboda sinadarin da ke cikinta yana kama kalsiyam ya ɓoye shi. Kwalba biyu ake cikawa. Idan za a aika samfurin wani gari, ka tambaya ko za a tace shi a sa a sanyi kafin tafiya. Cibiyar Pasteur ta Kamaru, babban ɗakin awo, wadda hedkwatarta take Yawunde, tana da reshe a nan Garwa, kuma nan ne wuri na farko da ya dace ka tambaya ko suna yin awon da kansu ko suna aikawa kudu, da kwana nawa sakamako yake yi. Ka kuma lura da ma'aunin da aka rubuta, domin 121 mg/L daidai yake da 12.1 mg/dL a takardun Najeriya, daidai kuma da kusan 3.0 mmol/L, kuma na ga iyalai sun firgita don kawai ɗakin awo na biyu ya yi amfani da wani ma'auni. Mizanin lafiya yana tsakanin 85 da 105 mg/L, kusan haka. A auna albumin, wato babban furotin na jini, tare, domin kusan rabin kalsiyam na jini a jikin furotin yake rataye: duk 10 g/L da albumin ya gaza 40, ana ƙara 8 mg/L a kan adadin da aka samu.

Abu biyu suna iya ɗaga PTH ba tare da ƙullutun ya lalace ba, wato gazawar ƙoda da ƙarancin bitamin D, wanda ake samu ga matan da suke wuni cikin ɗaki ba sa shan rana, duk da yawan ranar da muke da ita. Sai dai a irin wannan hali kalsiyam yakan kasance daidai ko ƙasa, ba sama ba. Matsalar ita ce miyeloma tana lalata ƙoda, ƙodar da ta lalace kuma tana iya hana PTH faɗuwa yadda ake tsammani, don haka ba a karanta PTH ba tare da kiriyatinin, wato awon aikin ƙoda, a gefe ba.

Kafin sakamakon PTH ya dawo, akwai awo masu araha da kowane asibitin yanki yake yi, kuma idan aka jera su suna nuna hanya. Ƙidayar jini, wadda ake rubutawa NFS: kusan bakwai cikin goma na masu miyeloma suna da ƙarancin jini ranar da aka gano cutar, mai faratiroyid kuwa jininsa yakan kasance kusan daidai. Saurin kwanciyar jini, wato VS: a miyeloma yakan haura 100 a awa ta farko. Fosfor: PTH yana sa ƙoda ta zubar da shi, don haka yana sauka a faratiroyid, a miyeloma kuwa yana daidai ko sama. Fosfataz alkalin, sinadarin da ke nuna aikin ginin ƙashi: yana hawa idan faratiroyid ya kai ga cin ƙashi, domin ƙashin yana rushewa yana kuma ƙoƙarin ginuwa, amma a miyeloma yakan tsaya daidai duk da ramukan, saboda cutar tana danne ƙwayoyin gini, sai fa in an sami karaya. Akwai kuma hoto ɗaya mai sauƙin kuɗi da ake mantawa da shi, wato hoton tafin hannu biyu. PTH mai yawa yana zaizaye gefen ƙasusuwan tsakiya na yatsu, ta ɓangaren babban yatsa, har bakin ƙashin ya zama babu santsi, kuma miyeloma ba ta yin haka. A hoton ƙoƙon kai, ramukan miyeloma zagayayyu ne masu tsaftataccen baki, na faratiroyid kuwa ƙananan ɗigo-ɗigo ne da suka watsu a ko'ina.

Dalilin da ya sa wannan ruɗani ya fi yawa a wajenmu fiye da Turai shi ne lokacin da ake gano cuta. Tun shekarun 1970 da na'urori suka fara auna kalsiyam ga duk wanda aka ɗebi jininsa, a can ana kama faratiroyid tun bai taɓa ƙashi ba. Mu kuwa ba a auna kalsiyam sai ciwo ya yi tsanani, don haka har yanzu muna ganin tsohon kamannin cutar da von Recklinghausen ya bayyana a 1891: ƙashi mai kogo, da wasu kumburai masu launin ƙasa-ƙasa a muƙamuƙi ko haƙarƙari ko ƙugu, waɗanda a hoto suke kama da sankara ƙwarai. Ko an yanki ɗan ƙashin an duba, manyan ƙwayoyin da ake gani suna kama da na wani ƙari daban, kuma mai duba samfurin ba zai iya rarrabewa ba idan ba a rubuta masa adadin kalsiyam da PTH a takardar ba.

Ta ɓangaren miyeloma, elektroforez shi ne ƙofa. Furotin iri ɗayan da ƙwayoyin sankara suke zubawa yana fitowa a takardar sakamako a matsayin tsini siriri mai tsayi. A yankinmu dole a yi hattara, domin ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka da maimaituwar zazzaɓin cizon sauro duk suna ɗaga furotin na jini da VS, amma abin da suke bayarwa tudu ne mai faɗi, ba tsini ba. Saboda haka kada ka yarda da jimlar furotin kawai. Ka nemi a ba ka zanen kansa. Sannan a wajen kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 na masu miyeloma, gutsuren furotin kaɗai ake zubawa, wanda ke wucewa cikin fitsari, tsinin ba ya fitowa a jini. Wannan shi ne furotin da Henry Bence Jones ya bayyana a Landan a 1847, kuma ana neman sa a fitsarin awa 24, ko a auna gutsuren a jini inda ake da na'urar. 'Yar takardar da ake tsomawa a fitsari ba ta ganin sa, don haka idan an ce maka fitsari babu furotin, ka tambaya da me aka duba.

Ko tsini ya fito, maganar ba ta ƙare ba, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Akwai mutane da yawa da suka haura shekara 50 suna ɗauke da ƙaramin tsini ba tare da sankara ba. A cikin Turawa kusan 3 cikin 100 ne, a cikin baƙar fata kuwa ya kai ninki biyu, kamar yadda ita kanta miyeloma ta ninka a cikinmu, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari yake juyewa zuwa sankara a kowace shekara. Ma'ana, Hajiya tana iya samun ƙullutun faratiroyid da ya ci mata ƙashi, a kuma sami wannan ƙaramin tsini da bai yi mata komai ba, sai a haɗa biyun a kira su miyeloma. Ƙa'idar da masana cutar na duniya suka sabunta a 2014 ta ce ba a kiran cuta miyeloma sai an ga ƙwayoyin nan 'yan asali ɗaya sun kai 10 cikin 100 na ɓargo, ko an same su a ƙarin da aka yanka, sannan a sami ɓarnar da za a iya dangantawa da su kai tsaye: kalsiyam sama da 110 mg/L, ko gazawar ƙoda, ko ƙarancin jini, wato himoglobin ƙasa da 10 g/dL, ko ramin ƙashi, ko wasu alamomi na musamman. Sharaɗin dangantawar nan shi ne ya sa ba a tsallake PTH. Ɗibar ɓargo kuwa, ko daga ƙashin ƙirji ko daga bayan ƙugu, aikin 'yan mintuna ne bayan an kashe wajen da allura, kuma bai kamata a fara maganin sankara ba tare da shi ba.

Likita mai hankali zai kuma duba nono, ya tambayi tari da zazzaɓin dare da rama, domin sankarar nono da ta bazu da tarin fuka na ƙashin baya duka suna rarake ƙashi, kuma dukansu suna iya ɗaga kalsiyam.

Nauyin kuskure a nan ba kaɗan ba ne. Faratiroyid tiyata ce maganinta tun da Felix Mandl ya fara cire irin wannan ƙullutu a Biyana a 1925, kuma a hannun wanda ya saba, sama da mutum 90 cikin 100 suna warkewa sarai, ramukan ƙashin ma su cike a hankali. Hoton eko na wuya, irin wanda ake yi wa masu ciki, ana yin sa ne don a nuna wa mai tiyata inda ƙullutun yake bayan jini ya tabbatar da cutar; rashin ganin komai a eko bai wanke faratiroyid ba. Miyeloma kuwa ana danne ta ne da magunguna irin su bortezomib da thalidomide ko lenalidomide da dexamethasone da melphalan, mutum ya sami shekaru cikin sauƙi, amma yawanci tana dawowa, kuma kuɗinta yana cinye dukiyar gida. Wanda aka ba wa waɗannan magunguna alhali ƙullutu ne a wuyansa ya sha wahala da asara a banza, cutarsa kuma tana nan. Wanda aka yi ta jira da shi alhali miyeloma ce, ƙodarsa ce take tafiya.

Game da neman ra'ayi na biyu, ba cin fuska ba ne, shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma mu kanmu likitoci haka muke yi wa iyayenmu. Ka koma wajen likitan farko da ladabi, ka ce iyali suna so a tabbatar kafin a shiga kashe kuɗi, ka roƙe shi takardar turawa mai ɗauke da abin da ya gani da abin da ya ba ta. Wanda ya san aikinsa zai rubuta ba tare da ɓacin rai ba. Kada ka ɓoye wa likita na biyu abin da na farko ya ce don ka gwada shi. Wannan ɗabi'a tana jawo maimaita awo da ɓata lokaci kawai. Ka tafi da hotunan kansu, ba bayanin da aka rubuta a kansu kaɗai ba, da kowace takardar awo a jere bisa kwanan wata, da littafin asibiti, da kwalayen duk maganin da take sha har da na gargajiya. Idan an riga an ɗebi ɓargo ko an yanki ƙashi, ka nemi gilasan samfurin, domin sau da yawa sake duba gilashi ɗaya ya fi sake ganin majiyyaci amfani. Wanda za ka nema shi ne likitan cututtukan jini idan tsini ya fito, ko likitan cututtukan sinadaran jiki, wanda galibi shi ne mai duba masu ciwon suga, idan PTH ya hau. Irin waɗannan ƙwararru sun fi taruwa a manyan asibitocin Yawunde da Duwala, wasu iyalan kuma sukan tsallaka asibitocin koyarwa na Yola ko Maiduguri ko Kano saboda dangi da harshe. Shawarata ita ce takardu su riga Hajiya tafiya: ka yi PTH da elektroforez tukuna, wani ya kai sakamakon ko a tura hotonsa ta waya, domin tafiyar mota zuwa Ngaundere da kwana a jirgin ƙasa ba ƙaramin abu ba ne ga mai raunin ƙashin baya, kuma babu amfanin isa Yawunde a ce maka ka je ka yi awon da za ka iya yi a gida. Idan kun zauna da likitan, ka tambaye shi kai tsaye wace shaida ce ta tabbatar da cutar, wace ce ba ta dace da ita ba, da abin da zai faru idan an jira mako biyu.

Jiran sakamako yana da nasa dokoki, kuma ba su canzawa ko wace cutar ce. Hajiya ta sha ruwa sosai, kusan lita uku a yini, sai in likita ya hana saboda zuciya ko ƙoda, domin kalsiyam mai yawa yana sa fitsari, fitsari ya busar da jiki, bushewar kuma ta ƙara ɗaga kalsiyam. Azumin nafila ya dakata, na farilla ma a tambayi likita da malami. A daina diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake talla a kasuwa, domin suna iya ƙarasa ƙodar mai miyeloma cikin 'yan kwanaki. Paracetamol ya fi aminci, idan bai isa ba likita ya ƙara wani. A ajiye ƙwayoyin kalsiyam da ake ba tsofaffi don ƙarfin ƙashi, a kuma nuna wa likita maganin hawan jininta, domin hydrochlorothiazide yana ɗaga kalsiyam. Kada a sha dexamethasone ko prednisolone kafin a ɗebi ɓargo sai da umarnin likitan da ya san ana wannan bincike, saboda suna rage ƙwayoyin da ake nema su dagula sakamako. Idan za a yi sikana da allurar rini, a fara duba kiriyatinin. Mai ɗori da mai tausa kada su taɓa bayan nan.

Akwai alamomin da ba a jira musu ra'ayi na biyu ko na farko. Idan ta fara ruɗewa ko yawan barci, ko amai ya hana ta shan ruwa, ko fitsari ya ragu, ko kalsiyam ya kai 140 mg/L, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar, a sa mata ƙarin ruwa ta jijiya. Wannan ba ya ɓata binciken, in dai an ɗebi jinin PTH kafin a fara. Idan kuwa ƙafafunta suka yi nauyi ko suka mutu, ko ta kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ta kasa yin su, to ƙashin baya ya danne laka, kuma a nan awoyi ake ƙirgawa. A ɗauke ta a kwance a kan abu mai tauri, kada a zaunar da ita a kan babur, a gaya wa likitan da ya karɓe ta tun daga ƙofa cewa ana zargin miyeloma kuma ga lokacin da ƙafafun suka fara mutuwa.